Gurbi na Sha Huɗu

Litinin, 13 ga Maris, da hantsi

Don Plácido Ixcot ya zo kafin in gama kofi, hularsa a hannu kamar mai neman aure. Shi ne sakataren ƙungiyar masu ɗaukar anda ta cocinmu tun ina da gashi a ka. Bana kwamiti ya tilasta masa a sa rabon gurabe a shafin intanet. Da yake ni ɗan Don Hermelindo ne, kuma duk garinmu Xela an san na bar koyar da adabi na koma yi wa otal-otal shafuka, sai aikin ya faɗo kaina.

A baki aikin ba wuya. Ran Babbar Juma'a anda za ta fito daga coci, katako mai tsawon doguwar motar bas, da siffar Yesu a kwance a sama, a kafaɗar mutum tamanin. Za ta zaga gari, a kowace mahaɗar titi wasu su karɓi wasu. Kowane rukuni turno guda ne, kowane mutum da gurbinsa mai lamba a jikin katakon. Mutum ya shiga shafi, ya ga inda zai sa kafaɗa. Shi ke nan.

"Yaya za ka yi shi, Profe?" in ji Don Plácido. Har yanzu Profe yake ce mini, ko da yake na manta ƙamshin alli.

Na ce masa a JavaScript akwai wani abu kamar ƙamus. Kowane mabuɗi da abin da yake riƙe da shi. Ka ba shi lambar gurbi, ya ba ka sunan mutum. Mabuɗi ɗaya, mutum ɗaya.

"To ai wannan ni ne," ya ce. "Sai dai ni ba a sa ni a caji."

Na ba shi kalmar sirri, tunda shi ne sakatare, na nuna masa inda ake danna gyara. Ya kalli madannan kamar za su cije shi.

Ranar Asabar, ɗaya ga Afrilu, za a buga katuna. Sunan da ya hau kati ranar, mai shi ne zai ɗauka. Ko bishop ne ya zo da kansa ba a sauyawa.

Na fara da turnon fita daga coci, wanda gurabensa na gado ne. Sha huɗu: Hermelindo Rodas. Na Baba ne tun ranar da kakanmu ya sauke. Na rubuta shi kafin na kowa.

Talata, 14 ga Maris, da rana

Yayata Amparo ta kai Baba asibiti. Na ce zan bi su, sai na tuna ina da aiki.

Alhamis, 16 ga Maris, da yamma

Yini guda ina faɗa da lambobi. Don Plácido yana so sunaye su fito bisa girma, tsofaffin ƙungiya a sama, kamar yadda ya saba liƙawa a ƙofar coci. Na zuba su cikin ƙamus bisa tsarin da ya ba ni. Na buɗe shafi, sai na tarar ƙamus ya jera su ɗaya, biyu, uku, kamar 'yan firamare a filin makaranta. Ashe idan mabuɗi lamba ce, yaren nan ba ya shawara da kowa, daga ƙarami zuwa babba yake jera abinsa. Idan kalma ce kuma, sai ya bar maka yadda ka zuba. Na shekara ashirin ina koyar da waƙoƙin mutanen da suka haukace, amma su ko a haukan nasu akwai dalili.

Kafin in lura, shafin ya riga ya kai ga mutane. Don Braulio Coyoy, mahauci, mai gurbi na sha biyu, wanda yake ɗauka a gaban Baba tun kafin a yi wa titinmu kwalta, ya ga sunansa a ƙarƙashin na wani da ya gaji gurbi bara. Ya aiko Amparo ta gaya mini cewa ranar da zan zo sayen nama in taho da haƙuri da yawa.

Na yi musu jeri daban na girma, ƙamus kuma na bar shi da halinsa.

Alhamis ce, Amparo ta sayo paches, curin dankalin da ake dafawa a ganye, kamar yadda aka saba. Baba ya buɗe ganyen nasa, ya ci gefe guda, ya ce dankalin bana ba daɗi. Dankalin lafiyarsa ƙalau. Na cinye sauran.

Juma'a, 17 ga Maris, da safe

Sabon salo. Na leƙa turnon fita, na ga gurbi na sha huɗu yana cewa Casimiro Rodas. Ni ke nan.

Na san daga inda ya fito. Lokacin da nake gwaji, kafin a ba ni sunaye, da sunana na cika gurabe, tunda shi ne kaɗai sunan da ba mai kai ni ƙara a kansa. Wani ragowa ne ya ɓuya a wani lungu. Abin haushin shi ne ƙamus ba ya ƙorafi. Ka ɗora sabon suna a kan tsohon mabuɗi, tsohon ya tafi, ba sallama, ba alama.

Na mayar da Baba.

Asabar, 18 ga Maris, da rana

Sha huɗu: Hermelindo Rodas. Madalla.

Litinin, 20 ga Maris, da yamma

Ya dawo. Casimiro Rodas, a zaune a gurbin ubansa kamar an gayyace shi.

Na bi lambar layi bayan layi, kuma ina jin na kama ɓarawon. A yaren nan, idan ka ce ka kwafi ƙamus, ba kwafa yake yi ba. Suna na biyu kawai yake raɗa wa abu ɗaya. Gida ne mai ƙofa biyu: wanda ya shiga ta baya ya kwashe kujeru, mai shiga ta gaba zai tarar da falo wayam. Ƙamus ɗin gwajina da na gaskiya, ashe ɗaki ɗaya suke kwana. Na raba su, na yi kwafi na ainihi, har cikin ciki. Na mayar da Baba.

Na fito tsakar gida da fara'a na ba Amparo labari. Tana wanke tukunya. Yayata ce, ta girme ni da shekara huɗu, kuma tun muna yara take saurarena da irin fuskar da ake sauraren rediyon maƙwabci.

"Gida mai ƙofa biyu," ta ce. "Kai ma ɗakinka ƙofa biyu ne, Miro. Ɗaya tana fita tsakar gida, inda Baba yake zaune. Ka gwada ta wata rana."

Na ce mata ina gaishe shi kullum.

"Mai kawo burodi ma yana gaishe shi."

Talata, 21 ga Maris, bayan abincin rana

Amparo da Baba sun dawo daga asibiti a makare. Ta ce likita tana so mako mai zuwa mu zo mu biyu. Na ce sai na ga yadda aiki ya yi.

Direban tasi ne ya shigo da shi har tsakar gida, yana riƙe da gwiwar hannunsa. Mutumin kirki. Ba su cika yin haka ba.

Laraba, 22 ga Maris, da hantsi

Ya dawo.

Ba gida mai ƙofa biyu ba ne, ko kuma akwai ta uku. Na mayar da Baba, na rufe kwamfuta don kada in jefa ta rijiya, na fita tsakar gida. Yana zaune a rana, bargo a gwiwa, rediyo yana ta sakin kiɗan makoki na azumi, irin wanda ake bin anda da shi. Yana buga yatsa a hannun kujera daidai da ganga.

"Injin naka yana aiki?" ya ce.

"Yana ta goge ka, Baba, ina ta mayar da kai."

"Wa yake sawa?"

"Ni."

Ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. "Wataƙila injin ya fi ka hankali."

"Bai fi ni taurin kai ba."

"Wannan kam ba wanda ya fi ka. Ɗan uwarka ne kai."

Ya tambaye ni ko Braulio yana nan a sha biyu. Na ce yana nan, yana kuma barazanar sayar mini da ƙashi. Ya ce, "Ka riƙe Braulio. Bakinsa ne kawai." Sai ya rufe ido. Na tsaya kaɗan. Wuyan rigarsa ya yi masa faɗi. Amparo ce take sayo masa manyan riguna, ba ta taɓa iya awo ba.

Juma'a, 24 ga Maris, da yamma

Jiya ya dawo, yau ma ya dawo.

Na nemi kalmar Casimiro a cikin kowane fayil. Babu. Na goge ƙamus ɗin gwaji ɗungurungum. Na duba ko mabuɗin sha huɗu na lamba da na rubutu suna karo, sai na tuna yaren nan duk mabuɗi rubutu yake mayar da shi, ko ka so ko ka ƙi. Na duba ko wani tsohon shafi ne ya maƙale a ƙwaƙwalwar inji. Na karanta amsoshin mutanen intanet, waɗanda kowannensu yake fara jawabi da cewa tambayar wauta ce. Turno hamsin da wani abu, dubban sunaye, kowa yana zaune lafiya a gurbinsa. Guda ɗaya tak ne ba ya zama.

Da ina da imanin Amparo da na ce ishara ce. Ni dai na karanta littattafai da yawa, na san idan abu yana ta dawowa a labari, marubuci ne ya rasa abin faɗa.

Akwai wani umarni da ke daskarar da abu. Bayan shi, duk wanda ya zo rubutu a kai, inji zai karɓa da ladabi, ba zai ce uffan ba, kuma ba abin da zai motsa. Kamar ƙwararren ma'aikacin ofis. Ba gyara ba ne, na sani. Ƙusa ce aka buga wa tagar da iska ke buɗewa. Na rubuta Hermelindo Rodas, na daskarar da sha huɗu.

Asabar, 25 ga Maris, da safe

Yana nan.

Asabar, da yamma

Yana nan. Na sayo shecas masu zafi, burodin garinmu, don murna. Baba ya sunsuna ɗaya, ya ce anis ɗin da ake sa masa don ƙamshi ya yi yawa.

Lahadi, 26 ga Maris, da la'asar

Jerin gwanon wata unguwa ya biyo ta titinmu. Maƙwabta sun tashi tun da sassafe suna shimfiɗa dardumar garin katako, ja da rawaya da shunayya, domin a zo a tattake cikin minti kaɗan. Na sha faɗa cewa wannan ita ce sana'a mafi gaskiya a garin nan, ba mai saye, ba mai ajiyewa.

Tun da aka haife ni ban taɓa ganin anda ta wuce ƙofarmu Baba bai fito ya cire hula ba. Ko ta wace unguwa ce, sai ya tsaya ya duba tafiyar masu ɗauka, ya ce wane yana jan ƙafa, wane rataye kawai yake yi. Yau ya ce akwai sanyi. Daga ɗaki ya saurara.

Amparo ta tare ni a kicin.

"Na ƙara masa huda biyu a bel."

"Ba ya cin abinci ne kawai. Azumi ne."

"Miro."

"Ran Babbar Juma'a in ya ji ganga zai miƙe. Kin san shi."

Ta daɗe tana kallona, da cokali a hannu. "Kai da ka karanta duk littattafan gidan nan," ta ce, ta juya ga murhu.

Sha huɗu yana nan daram.

Litinin, 27 ga Maris, da hantsi

Don Plácido ya zo. Bai karɓi kofi ba.

"Profe, injinka ya lalace."

"Ya gyaru dai, Don Plácido."

"Na rubuta, na danna, ya ce to. Na duba, ba abin da ya motsa. Na sake, haka. Tun Asabar nake fama, har matata ta ce in kai shi a yi masa addu'a."

"Me kake rubutawa?"

Ya juya hularsa ta zaga sau ɗaya a hannunsa. Ya kalli ƙofar tsakar gida, ya rage murya.

"Sha huɗu."

Sai ya fayyace mini. Baba ne ya sa shi. Washegarin zuwansu asibiti na farko ya kira shi a waya ya ce a cire shi a sa ni. Duk ranar da na mayar, sai wayar ta sake shigowa: "Plácido, yaron nan ya sake. Je ka gyara." Shi kuma ya sa tabarau, ya nemi haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara.

"Me ya hana shi gaya mini? Bango ɗaya ne tsakanin gadona da nasa."

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce kai mai karatu ne, za ka karanta."

Na ce ai Baba zai iya, daga ƙofar coci zuwa kantin magani ne kawai. Don Plácido ya ce shi ba likita ba ne, sakatare ne, kuma doka ita ce doka: idan sunan Don Hermelindo ya hau kati ran Asabar, ran Juma'a kuma gurbin ya tashi ba kowa, ya fita daga gidanmu ke nan. Akwai masu jira, wasu har sun yi furfura a layi.

"Ba ni na kafa ta ba, Profe. Kakanka ma yana cikin waɗanda suka sa hannu."

Ya tafi. Kwana da kwanaki ina zagin yaren da bai yi mini komai ba. Ƙamus ya yi aikinsa tsaf: an ba shi suna, ya riƙe, an ba shi wani, ya riƙe. Ko wanda ya fara koyon aikin nan jiya, abin da zai fara tambaya shi ne wa kuma ke da kalmar sirri. Ni ban tambaya ba. Ban san me ya sa ba.

Na sani.

Talata, 28 ga Maris, da yamma

Na je asibiti tare da su. Likitar mace ce, ƙarama, mai magana a hankali. Kujerun wurin jira na roba ne, an ɗaure su da juna, wai kada a sace. Wa zai saci irin waɗannan kujeru?

Laraba, 29 ga Maris, da rana

Dabara ta zo mini da safe, har na ji kamar na ci gasa. Mabuɗi ɗaya abu ɗaya yake riƙewa, gaskiya ne, amma abin nan ɗaya yana iya zama jeri. Sha huɗu ya riƙe jeri mai suna biyu: Hermelindo da Casimiro. Ran Juma'a a ga wanda ya tashi da ƙarfi. Inji ba ruwansa, ko sunan gari duka ka cusa masa zai haɗiye.

Na sami Don Plácido a ofishin ƙungiya, ɗan ɗakin bayan coci mai warin kyandir, yana ƙirga igiyoyin ɗamara. Na zana masa a takarda. Ya saurara har ƙarshe, mutumin yana da ladabi. Sannan ya kama hannuna ya kai ni cikin coci, inda anda take a kan ƙafafunta ana goge ta. Ya nuna mini gurbin, ɗan lanƙwasa a jikin katako da matashin fata baƙi, fatar ta yi sumul.

"Profe, ina na biyun zai sa tasa?"

Na ce masa ai magana ce ta kati kawai.

"Kati ɗaya, turno ɗaya, ƙirji ɗaya ake maƙala shi. In na buga suna biyu, gobe gida tamanin za su zo mini da kawunsu da surukinsu."

Na tsaya ina kallon fatar. Rabona da shiga ƙarƙashin anda tun ina jami'a. Ban yi faɗa da kowa ba. Kafaɗata ce ta daina zuwa, shi kuma Baba bai taɓa tambaya ba. Kowace shekara yakan sa baƙar rigarsa ya wuce ta ƙofar ɗakina ya ce, "Kada ka bar kofi ya ƙone."

Sha huɗu har yanzu a daskare yake. Ban taɓa shi ba.

Alhamis, 30 ga Maris, da la'asar

Na fita ta ƙofar da Amparo ta ce.

"Baba, Don Plácido ya zo."

"Mai surutu."

"Za ka iya. Ba nisa. Ni zan bi gefenka, in ka gaji..."

"In na gaji me? A tsayar da Ubangiji a tsakiyar titi a ce Hermelindo yana hutawa?" Ya rage rediyo. "Jiya daga nan zuwa banɗaki sai da na zauna a hanya. Ka ji ni ta bango. Kada ka ce ba ka ji ba."

Na ji.

"Ba ni da irin imaninka, Baba. Ka sani."

"Katakon ba ya tambaya. Tashi ka tsaya jikin ginshiƙin can."

Na tsaya. Ya miƙe da kansa, ya ƙi hannuna, ya zo da sandarsa. A jikin ginshiƙin akwai wata 'yar tsaga da na ɗauka tun ina yaro ɓarnar gara ce. Ashe tsawon kafaɗarsa ne. Ya ɗora tafinsa a kafaɗata, ya kai shi jikin itacen, ya duba. Hannun ba nauyi ko kaɗan.

"Ka fi ni da yatsa biyu. Ka sa takalmin nan naka mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda kake zuwa kasuwa da shi kana ba mu kunya. Kada ka ɗaga kafaɗa kana neman nauyi, shi zai same ka. Kada ka kalli ƙasa. Da ƙafar hagu ake fita."

"In na faɗi fa?"

"Sai a tattake ka. An tattake waɗanda suka fi ka."

Ya koma kujera, ya ƙara rediyo. Na zauna a ƙasa kusa da shi har rana ta bar tsakar gida. Ba mu sake magana ba, sai da ya ce mai busa ƙahon nan yana saurin shiga.

Asabar, 1 ga Afrilu, da safe

Abin da aka daskarar ba ya narkewa. Ban sani ba sai yau: babu umarnin warwarewa. Sai dai ka gina sabo ka ajiye shi a madadin tsohon. Na gina. Na kwashe sunaye saba'in da tara na zuba. Na zauna ina kallon gurbin da ya rage har kofi ya huce, Don Plácido kuma yana ta kira daga wurin masu buga kati.

Na rubuta.

Talata, 4 ga Afrilu, da rana

Ba su je asibiti ba yau, likita ta ce a bari sai bayan Ista. Amparo ta warware kalmasar rigar Baba don ta kai mini idon sawu. Ba ta kai ba. Tana warin kafur. Wani mutum ya kira ni yana faɗa cewa shafi ya ce ba a san shi ba, ashe lambar katin bara yake bugawa. Na ba shi haƙuri a madadin inji. Na gaji da ba da haƙuri a madadin abin da bai yi laifi ba.

Asabar, 8 ga Afrilu, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Cikin coci hayaƙin turare ya hana ganin rufi. Mutum tamanin cikin baƙi, kowa da katinsa a ƙirji. Na shiga ƙarƙashin katakon, na sa kafaɗa a fatar. Aka buga ƙararrawa, aka janye ƙafafun anda, sai nauyin ya sauko. Na karanta bayanin wahala iri-iri a rayuwata, ba wanda ya ambaci cewa a haƙora ake jin ta. Na fita da ƙafar dama. Na gyara a bakin ƙofa.

Don Braulio yana gabana, ƙeyarsa kamar kututture. Muna sauka matakala ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "To. Yau dai da mutum a sha huɗu."

 Daga ƙofar coci zuwa kantin magani, wanda na ce wa kowa ba nisa, ya fi hanyar babban birni. Anda tana rangaji hagu da dama, ganga a baya, garin katako yana nutsewa a ƙarƙashin takalmin kasuwa. A bakin kantin Amparo ta ajiye kujera. Da muka matso na ga Baba ya dafa sanda ya miƙe, ya cire hula. Ban kalli ƙasa ba.

Da na gaba suka karɓe mu, na jingina da bango ina neman numfashi. Don Braulio ya zo yana murza wuya.

"Profe, ka cece ni. Shekara uku ke nan ni da mai sha shida muke raba kason Don Hermelindo. Kafaɗarsa taɓa fatar kawai take yi. Mukan ɗan ɗaga, ba wanda ya lura." Ya nuna ni da yatsa mai kauri. "In ka gaya masa, zan sa ka a injin niƙa nama in sayar da kai ran Lahadi."

Da na dawo gida Baba yana tsakar gida, bargo har ƙirji, Amparo tana yi masa fifita da murfin tukunya ko da yake ba zafi.

"Da dama ka fita," ya ce.

"Na gyara."

"Bayan duk gari ya gani. Yaya nauyi?"

"Ya kusa kashe ni."

"Rago. Da a da ne ka ɗauka, da ka san nauyi. Shekarun nan ta yi sauƙi ƙwarai. Ina jin sun sauya katakon ƙasa ba su gaya wa kowa ba."

Amparo ta daina fifita. Shi kuma ya zuba mini ido.

"Sun sauya," na ce. "Don Plácido ya gaya mini."

Ya daɗe yana kallona, har na fara zargin jarrabawa ce, kuma ban san ko na ci ba. Sannan ya gyara bargonsa.

"Baɗi ka fita da hagu," ya ce.